Mai Riƙe da Ƙwarya

Da 'yan jarida ya shigo gidan adana finafinanmu na Wagadugu, cikin sabuwar rigar saƙi, ya dire gwangwanaye bakwai na finafinan marigayiya mahaifiyarsa. Kashin kaji ya bushe a kan murafansu. Shekara talatin ina aikin nan, na san kayan da aka zaƙulo daga akurki.

Shi ma na san shi sarai. Shi ne ya hana ta zuwa bikin aurensa, wai 'yar fim za ta kunyata shi gaban surukai. Yanzu da yake neman kujerar majalisa, uwa ta yi daraja.

"Tanti, haska mana ɗaya," in ji shi, yana share busasshen ido. "Kullum fuskarta tana raina."

Na ɗora fim ɗin a inji. 'Yan mata biyu suka bayyana a bango, ɗaya tana daka, ɗaya tana riƙe da ƙwarya.

Ya dafe ƙirji, ya nuna mai dakan. "Ga Mama nan. Ko cikin dubu zan gane ta."

Na jira sai da masu hoto suka gama ɗaukarsa.

"Ɗana," na ce, "mai dakan ni ce. Uwarka ce mai riƙe da ƙwarya."