Tsage Bakwai a Bakin Ƙofa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya san abin da bango ya rufe kamar yadda Ya san abin da ƙirji ya ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Sau uku a ranar Laraba Injiniya Loretta ta warware taswirar ginin, ta sake naɗewa, ba ta sa hannu ba.

Wani kamfanin rarraba magunguna ne ya sayi tsohon gida a Nassarawa GRA da rani, ya mai da shi hedkwata. Aka ɗauko Loretta ta tsara yadda za a ja wayoyin sadarwa daga ofis zuwa ofis, da inda za a girke babbar na'urar da ake kira saba, wadda rahoton rassan Giginyu da Gawuna da Kaura Goje zai riƙa taruwa a cikinta kowace safiya. Idan ta tsaya, babu mai sanin wane magani ya ƙare a wane reshe.

Komai ya daidaita, sai mazaunin sabar.

Manajan, Alhaji Aƙilu, ya riga ya zaɓi wani ɗaki a bayan kicin, wanda ake sauka cikinsa ta matakala, mai kaurin bango, mai sanyi ko da bazara, taku goma daga janareta. Tun daga bakin matakala, ranar farko, Loretta ta ce ruwa yana shigarsa. Sannan ta wuce gaba cikin duhu, ta tsallake matakala ta tsakiya wadda ta fashe, ta ɗan ɗaga ƙyauren kafin ta tura, ta miƙa hannu bayansa ta kunna wuta.

"Lallai kin san aiki," in ji Alhaji. Ya nuna mata wasu tsage bakwai a katakon bakin ƙofa, waɗanda sabon fenti ya kasa cikewa, kowanne da shekara a gefensa. "Dubi yadda masu gidan na da suke auna tsawon 'ya'yansu."

Ta kau da kai, ta ce ita ɗakin bene take so. Shi ne kuwa ɗakin da Alhaji ya keɓe wa kansa, har an shimfiɗa masa kafet.

"Ruwa, Injiniya? A watan Afrilu, ƙasa kamar tanda? Kawo hujja."

Kwana biyu tana neman hujjar. Dillalin da ya sayar da gidan ya rantse bai taɓa jin haka ba. Maƙwabta duk sababbi ne, kowa a bayan dogon bangonsa. Tsohon maigadin layin ya koma garinsu. Ta zagaya bayan gidan, ta tarar an ɗora katanga a kan tsohuwar magudanar ruwa, ta ɗauki hoto ta kawo.

"Zato zunubi," in ji Alhaji, "ko da ya zama gaskiya. Gobe kafin la'asar, ko ki sa hannu, ko in kira wasu."

Wannan ne babban aiki na farko da ɗan kamfaninta ya samu. In ta sa hannu, ta ajiye rahoton rassa uku a hanyar ruwa. In ta ƙi, ta rasa aikin, sunanta kuma ya fita da taurin kai. Akwai hujja guda da ta rage, amma ta san tambayar da za ta biyo bayanta.

Ranar Alhamis ba ta zauna ba. Ta auna ɗakin bene, ta sauko, ta ƙirga mahaɗan waya, ta koma ta sake aunawa. Shayin da aka kawo mata ya huce inda aka ajiye shi. Sau biyu ta nufi bayan kicin, sau biyu ta juyo daga bakin matakala.

Da aka idar da azahar, Alhaji ya zo da biro a hannu. Ta ja shi zuwa bakin ƙofar ɗakin bayan kicin, ta nuna tsagen nan.

"Ranka ya daɗe, a taimaka a karanta mini shekarun nan," ta ce.

Ya sa tabarau ya sunkuya. Tsagen 1988 yana daidai ƙugunsa. Na 1991 yana daidai gwiwa. Na 1994 ya haura su duka, na bayansa ya sake faɗowa.

"Wane yaro ne ke girma, ya dawo ƙasa, ya sake girma?" ta tambaya.

Alhaji ya ƙara sunkuyawa. Ya kankare fentin da makullin mota. Busasshiyar laka ta zubo daga cikin tsagen.

"Innalillahi." Ya ciro waya, ya ba da umarni a naɗe kafet ɗin bene. Ta shimfiɗa taswirar a jikin bango, ta gyara, ta sa hannu.

Har ya taka matakala, sai ya tsaya cak.

"Tsaya, Injiniya. Ai tun kafin in nuna miki tsagen nan kika ce ruwa."

Shekara ashirin ke nan ana kiranta Injiniya, ba wanda ya taɓa tambayar daga ina ta fito. Ta ɗora yatsa a kan tsagen da ke can sama.

"Da ƙusa na yi su, ranka ya daɗe, duk safiyar da ruwa ya janye. Mahaifina ne kukun gidan nan. A ɗakin nan aka haife ni."

Allah Ya tsare mu daga raina shaidar da ba a rubuce take ba, Ya yi albarka ga wanda ya rubuta da wanda ya karanta. Amin.