Warin Albasa a Jif ɗin Kaka

Shekara biyu Baba ya yi yana gyaran tsohuwar jif ɗin da Kaka ya yi dakon albasa da ita daga Aliero zuwa Jega. Tsufa ya rikita Kaka, ko ɗansa ba ya ganewa. Baba ya ƙudurta cewa in motar ta koma yadda take, hankalin tsohon zai dawo. Sai da ya kankare fenti uku kafin ya gano koren asali.

Har yau raina na ɓaci in na tuna la'asar ɗin da muka zaunar da Kaka gaban sitiyari. Ya shafa, ya shinshina.

"Wagga ba tawa ba ta. Tawa warin albasa take."

Baba ya ruga ya kwaso albasa, ya dinga murje ta a kan sabuwar kujerar, idonsa na zubar da hawaye.

"Alhaji, sake shinshinawa, don Allah."

Kaka ya ja numfashi, ya yi murmushi, ya dafa kujerar gefe.

"Malam, kira mini Umaru. Nan yake zama."

Umaru sunan Baba ne. Ya shiga ya zauna.

"Sauka, bawan Allah, wurin yaro na."

Baba ya sauka, ya ce bari ya kira shi.