Motar Duban Wata

Tun da aka haƙo mai a Tsamiyar Goje, gari ya cika ya batse, ga asibiti kyauta, ga famfo a kowane gida. Sai dai wutar rijiyoyin ta haskake sama har jinjirin wata ya daina ganuwa. Shi ya sa duk ƙarshen Sha'aban kamfanin man ke kwasar tsofaffi a mota zuwa bayan gari duban wata.

Bana Iya Tasalla ta bi su, ɗanta Ɗanliti na tuƙi. Bara ba ta gani, sai da asibitin ya cire mata yanar ido.

"Ga shi can, Ɗanliti! Allah Ya saka wa mutanen nan da alheri."

"Amin, Iya."

"Bara ma nan kuka tsaya?"

"A'a, Iya. Kowace shekara sai mun ƙara gaba."