Jarumin Gada ta Bakwai

Gerrit Hoekstra yakan ce duk faɗin Amsterdam babu wanda ruwa ke shakka kamarsa. Sau huɗu yake faɗin haka a rana, da makirufo a hannu, a tsakiyar jirgin ruwan nan mai rufin gilashi da ke zagayawa da 'yan yawon buɗe ido. A tsakiyar yake tsayawa kullum. Wai daga nan murya ta fi isa ko'ina.

Aikin ba wuya. Ka nuna siraran gidajen da suka karkata kamar masu gyangyaɗi, ka nuna ƙugiyar da ake jan kujeru da ita ta taga, ka nuna kasuwar furanni, ka ce a yi sauri a ɗauki hoton gadoji bakwai kafin su ɓace. Na'urar da ake saƙalawa a kunne ma ta iya wannan, har cikin harsuna goma sha biyu, kuma ba ta neman hutu. Shi ya sa kamfanin ya sallami 'yan jagora biyar a bana. Saura Gerrit, kuma a yau mai kamfanin, Annelies Boonstra, ta zo da kanta ta zauna a kujerar gaba don ta ji ko akwai dalilin barinsa.

Dalilin guda ne, kuma yana jira a gada ta bakwai.

Washegarin bikin Ranar Sarki ce. Ledoji ruwan lemo da kofunan giya na ta yawo a kan ruwa. Gerrit ya gyara zaman rigar hana nutsewa da ke ƙarƙashin kwat ɗinsa, ya yi wa matuƙi alama ya rage gudu.

"Jama'a, a ajiye waya. Wannan ba na hoto ba ne."

Ya faɗa musu yadda shekara goma sha ɗaya baya, a rana irin ta jiya, da rana tsaka, wani gogan ya sha ya yi tatul, ya zo bakin ruwa a nan zai rage mara. Ai kun san mazanmu, in ji shi, ga banɗaki kyauta a kowace kwana, amma sai ruwan gari. Gogan ya karkata baya, ya karkata gaba, sai tsundum. Mutane dubu a kan gada, kowa da kofi a hannu, aka rasa mai motsi.

"Sai ni. Ko takalmi ban cire ba."

Daga nan muryarsa takan sauka, kuma nan ne labarin ke kama mutane. Sanyin ruwan Afrilu, in ji shi, ba a fata ake jinsa ba, a ƙirji ne, kamar an rufe maka ƙofa. Kiɗan da ke sama ya koma can nesa. Ƙafa ta sarƙe a tayar wani tsohon keke da ke kwance a ƙasa. Haske yana sama, ɗan kore-kore, yana ta ƙanƙancewa. Sai hannu ya damƙi wuyan riga.

Wata 'yar Japan ta dafe baki. Mai kamfani ta daina duba agogo. Gerrit ya ga haka ta wutsiyar ido, hankalinsa ya kwanta.

A kujerar ƙarshe akwai wata mata mai furfura, cikin kaya ruwan toka, da damin fararen furanni a cinya. Tunda aka taso ba ta ɗauki hoto ba, ba ta kalli gida ko ɗaya ba. Ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta, ta yi magana da harshen gari.

"Bawan Allah, in yi tambaya?"

"Har goma, baiwar Allah."

"Shi wanda aka ceta ɗin, ya taɓa zuwa ya yi godiya?"

Gerrit ya yi dariya, ya fassara wa baƙi abin da ta ce. Tambayar ba sabuwa ba ce, yana da amsarta a aljihu.

"Wa? Irinsu? Ai da ya farfaɗo, hularsa ya fara tambaya!"

Jirgi ya ɗauki dariya, har da mai kamfani. Matar ba ta yi ba. Ta miƙe, ta zuge ƙaramar tagar da ke gefenta, ta fara sakin furannin ɗaya bayan ɗaya, daidai lokacin da inuwar gadar ta rufe su.

"Ba a zubar da kaya a ruwa, baiwar Allah," in ji Gerrit.

"Duk shekara daga saman gada nake saki," ta ce. "Bana maƙwabciyata ta ce in shiga jirgi, akwai mai ba da wani labari da ya kamata in ji. Na ji. Ka iya faɗa, ba laifi. Zancen keken nan ma gaskiya ne, a jikinsa masu ninƙaya suka samu Teun da yamma."

Baƙin ba su ji me ta ce ba, amma sun ga fuskar Gerrit. Mai kamfani kuwa ta ji sarai, ta juyo gaba ɗaya.

"Waye Teun?" ta tambaya.

Matar ta saki fure na ƙarshe, ta rufe tagar, ta dubi Gerrit.

"Mijina. Ina kan gadar nan riƙe da kofinsa lokacin da ya yi tsalle. Ya turo ka bakin tsanin fita daga ruwa, shi bai fito ba. Kai kuwa, da aka jawo ka sama kana amai, ko zif ɗin wandonka ba ka ja ba."