Takardar da Ta Ƙi Ɓoyewa

Tana kan keken ɗinki kafintan da zai aure ta ya shigo shagon, da garin katako a hannun rigarsa. Ta dakata, ta miƙa masa takardar asibiti.

"Gwajin jini ne. Na yi gadon haɗarin ciwon dajin da ya ɗauke Inna. Ban kamu ba, amma za a riƙa duba ni."

Ya daɗe yana kallon takardar. "A wurina ba abin da ya canza. Sai dai kada Hajiyata ta ji. Kin san halinta."

Ta dube shi ido cikin ido.

"Ni na fara yin gwajin nan a gidanmu, da ƙyar na ja Yaya. Aka gano nata ciwon da wuri, ga ta nan tana renon 'ya'yanta. Abin da ya ceci 'yar'uwata zan ɓoye kamar kayan sata? Ba zan shiga gidanku da rufa-rufa ba."

Ya sunkuyar da kai, can murmushi ya suɓuce masa.

"Rufe shagon mu je. Da bakina zan karanta mata, ta san irin matar da na samu."