Ƙarar da Direba Ya Ƙi Ji

Akwai wani direba a tashar nan, ba zan kama suna ba, ya san kansa, da ke yawo yana gaya wa mutane wai maciji ne ya kashe masa ƙane. Ƙarya yake yi. Maciji dai ya yi sara, wannan ba musu, amma wanda ya ƙarasa aikin yana nan da ransa, kullum yana kan benci yana kaɗa shayi. Tunda kai ma yanzu an danƙa maka makullin mota, gyara zama ka ji.

Motarsa irin ƙananan nan ce masu layin kujera uku, waɗanda tayoyin gaba ke ja. Ƙafar gaban irin wannan mota kamar jakin gida take: ita ke ɗauke da nauyin inji, ita ke bin sitiyari, ita kuma ke jan motar. In taya ta faɗa rami, sufirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa, ya karɓi dukan, shokazoba ta hana shi tsalle-tsalle. Ƙarfin inji kuwa ta wani sandan ƙarfe yake bi daga giya zuwa kowace taya, shi ake kira shaf. To taya ba ta zama wuri ɗaya, tana hawa, tana sauka, tana karkata, don haka aka yi wa shaf gaɓa a kowane baki, kamar wuyan hannunka, tana lanƙwasa tana juyawa. A cikin gaɓar ƙwallayen ƙarfe ne kwance cikin giris, an lulluɓe su da wata 'yar roba mai ninki-ninki wadda da kaɗan ta fi kofin shayi. Wannan robar ce ta yage masa a ɓangaren hagu. Giris ya fantsale ya yi wa cikin tayar baƙi, yashi ya samu ƙofa ya shiga yana cin ƙarfe. Ba a jima ba motar ta fara magana, duk ya karya kwana sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana tauna tsakuwa. Bakanike ya leƙa, ya shafo yatsa ya nuna masa, ya ce, "Oga, bar min ita yau, wannan ba ƙarar banza ba ce." Shi kuwa ya dubi layinsa na lodi da ya kusa zuwa, ya ce gobe. Ya samu leda da tsinken tsohuwar tiyub ya ɗaure wurin da kansa. Ga shi mutum mai son mota: kullum a wanke, an goge gilashi, an canja turaren mota, an rubuta kirari a baya. Abin da ido ke gani yake yi wa hidima. Da ƙarar ta ishe shi sai ya gano dabara, ya lura ba ta tashi sai ya murɗe sitiyari sosai, saboda haka ya koyi shan kwana da faɗi. Inda ba faɗi, ya ƙara muryar rediyo. Har yana yabon kansa wai ya san halin motarsa.

Ranar da abin zai faru, da damina ne, ya je ƙauyensu gaida tsohuwa. Ana cikin gaisawa aka shigo da ƙanensa daga gona a saɓe, baƙin maciji ya sare shi a idon sawu. Mota ɗaya ce a garin, kuma ta yayansa ce, har tsohuwa tana yi wa Allah godiya da ya kawo shi a ranar. Aka kwantar da shi a kujerar baya, direba ya ja sai asibiti. Tsakanin ƙauyen da kwalta akwai wani kwari, in ka sauka sai ka hau tudu mai kwana a tsuke, dama dutse hagu zaizaya, babu wurin shan kwana da faɗi. Ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ya taka totur. Sai ji ka yi ƙaf. Gaɓar ta tarwatse, ƙwallayen suka zube cikin taɓo. Ga inji lafiyarsa lau yana ruri, ga giya a ciki, ga mai, amma motar ko motsi, domin in shaf ɗaya ya katse, duk ƙarfin can yake gudu yana juya guntun ƙarfe a banza, ɗaya tayar ba ta samun komai. Ya sake takawa, ya sake, ya fito ya shiga ƙarƙashi yana lalube cikin laka, ledar da ya ɗaura ta fito a hannunsa. Daga baya ƙanen ya ɗaga ido da ƙyar, harshensa ya yi nauyi, ya ce, "Yaya, ba ga inji yana aiki ba? Me muke jira?" Direba ya fito da shi daga motar. Ya goya shi ya hau tudun da ƙafa. Kafin su kai kwalta, nauyin da ke bayansa ya canja, shi ma ya ji ya canja, amma bai tsaya ba.

Rai da ajali na Allah ne, na sani, kar ka karanta min. Amma Allah bai toshe wa kowa kunne ba, motar ta yi ta kiransa, shi ya zaɓi rediyo. Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In kana ganin ƙazafi na yi masa, je ka same shi, ka tambaye shi me ya sa har yau in wata mota ta karya kwana tana ƙas-ƙas yake ajiye kofin shayinsa. Sannan ka dawo ka ƙaryata ni.