Kusurwar da Ta Ƙi Kwanciya

Malama Sa'adiya ta sa babban yatsa ta danne kusurwar kibod ɗin kwamfutar. Ya yi ƙas, ya kwanta. Tana ɗauke hannu ya sake ɗagowa. Karo na biyar ke nan tun bayan la'asar.

Kwana takwas kacal kwamfutar ta yi a makarantarsu. Sabuwa ce fil, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba. Shugaban makaranta, Malam Hambali, shi ya damƙa mata ita a gaban malamai, saboda ita ke riƙe da sha'anin jarrabawa, kuma ita kaɗai ta yi kwas ɗin kwamfuta a Kano. Ranar Juma'ar da ta zo da ita gidanta na Kabo, maƙwabta suka yi ta shigowa kallo.

A ranar ne kuma mahaifiyarta, Inna Uwaliya, ta zo daga Masanawa ganin likita saboda ciwon gwiwa. Tana zaune a tabarma da hular da take ɗinki, koren zare a bakinta, tana bin masu shigowa da ido yayin da suke ta yabon abin.

Ran Lahadi Sa'adiya ta dawo daga gidan barka ta tarar Inna ta ɗaure kayanta. Kwamfutar na cikin jakarta a inda ta bar ta. Sai dai wuƙar yankan albasa da ta gani bakinta ya lanƙwashe, ta yi tsaki ta jefa ta kwando.

"Ki rage damuwa da abin nan naki," in ji Inna a bakin mota. "Ba abin da zai same shi."

Da safiyar Litinin Malama Hanna, malamar lissafi, ta ari kwamfutar har da jakarta don ta buga tambayoyi. Shekara goma sha ɗaya suna zama a benci ɗaya a ɗakin malamai. Naman Sallah na zuwa gidan Hanna, shinkafar Kirsimeti na zuwa gidan Sa'adiya. Ba a jima ba Hanna ta dawo da kwamfutar a buɗe.

"Maman Ummi, duba nan. Gefen nan kamar ya ɗago. Haka na buɗe na gan shi."

Daidai lokacin Malam Hambali ya shigo. Ya dubi kibod, ya dubi Sa'adiya. Duk malamai suka zubo mata ido. Kunya ta rufe ta: mai kwas, mai takarda, ta kasa riƙe amana mako guda.

"Lafiya ƙalau na ba ta, Malam," ta ce.

Ba ta ƙara da cewa rabonta da buɗe ta tun Asabar ba.

Kafin a tashi an rubuta wa Hanna takardar tuhuma. Za ta amsa ranar Alhamis, kuma takardar za ta shiga fayil ɗinta, a zangon da ake duba ƙarin girma. Yau Talata da safe Hanna ta gaishe ta kamar kullum, har da tambayar gwiwar Inna. Amma "Malama Sa'adiya" ta kira ta, ba "Maman Ummi" da ta saba ba. Shi ya sa yau Sa'adiya ta zauna tana ta danne kusurwar nan, ko za ta kwanta maganar ta mutu. Ta ƙi.

Ran Laraba Malam Hambali ya tura su Gwarzo su biyu, wurin Ja'afaru mai gyaran kwamfuta, ya duba ya rubuto abin da ya gani. Suka zauna a kujera ɗaya a mota, jakar a tsakaninsu.

Ja'afaru ya kashe kwamfutar, ya jawo fitila, ya kanga ido kusa da gefen kibod ɗin. Sai ya yi dariya.

"Hajiya, wa ya shiga nan da wuƙa? Kamar mai buɗe gwangwanin tumatir!"

Sa'adiya ta saci kallon Hanna, nan take ta ji kunyar kallon. Hanna dai hannayenta na kan cinyarta.

Ya ɗauko wata siririyar roba ya bi gefen a hankali, maƙalan na saki ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga kibod ɗin kaɗan, yana kiyaye lallausar wayar da ke riƙe da shi ta ƙasa.

"Ba abin da ya karye," ya ce. "Wani abu ne ya tokare shi."

Ya zura ɗan hantsaki ya zaro abin, ya ajiye a kan tebur. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya mayar da kibod ya bi shi da yatsa, ƙas, ƙas, ƙas. Kusurwar ta kwanta lif, ba ta ƙara motsi ba.

"To, me zan rubuta wa Malam?"

Hanna ta dubi abin sau ɗaya, ta gane, sai ta juyar da fuskarta wajen titi, kamar masu acaɓa take ƙirgawa. Wannan kawar da kan ya fi wa Sa'adiya zafi da a ce zaginta ta yi.

Sa'adiya ta miƙa hannu ta ɗauki abin. 'Yar laya ce ta maganin bakin mutane, ba ta kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, an naɗe ta tam da koren zaren ɗinkin hular Inna.